Matar da Kaka ta Gani daga Kan Soro

Akwai wani mutum da ke soya gyaɗa a Paris, a bakin metiro, wato tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta Porte de la Chapelle, a kan faifan ƙarfe da ya ɗora bisa keken kanti. Ban san ɗan wace ƙasa ba ne, kuma ban taɓa tambayarsa ba, don ni mutum ne mai gudun tambayar da za ta sa wani ya tsargu. Amma duk yammar da na taso daga aiki ƙamshin nan ya dake ni, sai in ga kaina a can Lyon, a wani dogon bene na unguwar Minguettes, ina tsaye a ƙofar kicin ina kallon bayan Kaka tana juya gyaɗa a kasko. Da yake babu rairayi a gidan sama, da gishiri take soyawa, tana mita cewa ƙasar da ba a samun rairayin suya ba ƙasa ba ce.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Karatu ya kawo shi Faransa, daga baya ya samu aiki ya zauna. Mama kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi, wani lokaci da safe, wani lokaci da yamma. Saboda haka aka ɗauko Kaka daga Damagaram don ta kula da ni da ƙanwata. Ita ke kai mu lakwal, wato makaranta, ita ke ɗauko mu, makullin gida a ɗaure a bakin zanenta. Ba ta jin Faransanci, amma ta san kowace mai shago a unguwar, kuma duk sun san ta. Ni maigida take kirana, kamar yadda kakanni ke yi wa jikoki maza, ta ce a duk mazan da ta gani ba ta taɓa ganin rago irina ba.

Ranar Laraba ba mu da lakwal da yamma. A ƙasan benenmu akwai wani zaure na jama'ar unguwa, santir muke ce masa, inda ake nuna wa yara tsofaffin finafinai kyauta. Saboda wannan ranar Kaka ke soya gyaɗa, don a wajenta ba a kallon silima da baki a banza. Ta ce ita ta san silima tun kafin a haifi Baba. Gidan mahaifinta a Damagaram yana jingine da katangar wani gidan silima marar rufi, kuma da bazara, idan zafi ya kori mutane daga ɗaka, matan gidan kan hau soro bayan sallar magariba su shimfiɗa tabarmi. Daga nan suna hango allon sarai. Magana ce ba ta isowa sosai, sai kiɗa, shi ma idan iska ta juyo wajensu. Su da kansu suke raɗa wa mutanen cikin fim sunaye, su shirya musu labari.

Ban tuna shekaruna daidai a ranar da abin ya faru ba, ina jin ban kai goma ba. Na dai san lokacin sanyi ne, don zauren yana warin jiƙaƙƙun riguna da roba, tagogi sun yi gumi. Kafin babban fim, matashin da ke kula da na'ura ya sa wani gajere, baƙi da fari, na Holiwud, irin na farkon zamanin da fim ya fara magana. Wani babban otel ne ake biki. Bature yana yi wa baturiya waƙa a gindin matakala. Baƙaƙen maza sanye da farar safar hannu suna kai da kawowa da kofuna, ga wani ƙaton kuku da aka sa shi yana zare ido yana gudun kyanwa don a yi dariya. Yara suka yi dariyar kuwa, ni ma na yi.

Da makaɗa suka canza kiɗa, sai na ji Kaka ta damƙe wuyan hannuna.

Ta ce, "Maigida, gyara zama. Yanzu za ka ga mace."

A allo ƙofar kicin ta fara buɗewa. Sai kawai hoton ya koma kan bature da baturiyarsa, suka ƙarasa waƙa, suka rungumi juna, rubutu ya fito, fim ya ƙare.

Kaka ta miƙe tsaye a tsakiyar yara, gyaɗa ta zube daga cinyarta. Ta ce, "Ina Mai-tire? Ina suka kai ta?"

Matashin ya kunna fitila ya zo da ladabi yana tambayar ko lafiya. Ni ne tafinta. Kaka ta ce akwai wata baƙar mace da ke fitowa daga ƙofar nan da tire a hannu, ta yi rawar da babu wanda ya taɓa yin irinta, kuma ita ce fim ɗin gaba ɗaya. Matashin ya ce shi dai abin da aka ba shi ke nan, daga farko har ƙarshe, bai taɓa komai ba. Kaka ta ce in gaya masa ƙarya yake yi. Na gaya masa cewa kakata tana ganin wataƙila akwai ɗan abin da ya rage. Ina jin tun daga ranar na koyi irin maganar da nake yi har yau.

Da a ce abin ya tsaya nan, da yanzu labarin dariya ne. Amma wata maƙwabciyarmu ta tari Mama a matakala ta ba ta labari, cikin tausayi, ta ce tsohuwa ta tashi a gaban yara tana neman wata mata da babu ita. Kuma a cikin wannan sanyin Kaka ta taɓa fita daga asansar, na'urar hawa bene, a hawan da ba namu ba, ta yi ta kokawa da ƙofar wasu mutane. Wanda ya san benayen nan ya san kowane hawa kamar ɗan'uwansa yake, ni kaina na taɓa yin haka. Ta kuma taɓa barin tukunya a wuta ta shiga sallah. Mama, wadda kullum tana ganin tsofaffin da hankalinsu ke gushewa a wurin aikinta, ta haɗa ukun wuri ɗaya, ta tsorata. Ba na zarginta. Da ni ne, mai yiwuwa da na fi ta tsorata.

Baba ya zauna kusa da Kaka bayan cin abinci, ya yi mata magana a hankali. Shi Inna yake kiranta.

"Inna, a zamanin nan Amurkawa ba sa barin baƙar mace ta yi rawa ita kaɗai a gaban Turawa. Wataƙila wani fim ne daban kika haɗa da wannan."

Ta ce, "Na san kyanwar, na san kukun, na san matakalar, sai matar ce ban sani ba?"

"Shekaru sun yi yawa, Inna."

"Ni ban ruɗe ba."

Aka kai ta wajen likita. Ya tambaye ta ko wane wata ake ciki, ta ce watan Azumin Tsofaffi, wanda kuwa gaskiya ne, amma ba shi ne a kalandar da ke bangon ofishinsa ba. Ya tambaye ta lambar gidanmu, ta ce benen da ke kallon kantin Balarabe mai nama. Likitan bai ce tana da ciwo ba, wannan dole in faɗa don adalci. Cewa ya yi a sa mata ido. To, sa idon nan shi ya zama komai. Aka rubuta mu a wurin da ake tsare yara bayan lakwal. Aka ce kada ta ƙara fita ita kaɗai, kada ta kunna gas in babu babba a gida. Babu wanda ya ɗaga mata murya, kowa lallaɓa ta yake yi, kuma ina ganin lallaɓawar ce ta fi yi mata ciwo. Idan ta ce wani abu ya faru a shekarar kaza, sai a ce "to, Inna," da irin muryar da ake yi wa yaro.

Ta daina musu. Ta ja kujera bakin taga, ta zauna da carbi, tana kallon bishiyoyi suna zubar da ganye suna sake yin wani. Tsiyar da take yi mini ta ragu ƙwarai. Ta ci gaba da zama tare da mu lafiya, tana ci tana sha, ana girmama ta, amma maganarta ba ta da nauyi a gidan ɗanta. Haka muka girma, muka saba, har muka manta cewa da ba haka take ba.

Da na shiga jami'a a Bron, kusa da Lyon, tarihin silima na karanta. Mutane kan tambaye ni ko saboda Kaka ne, ni kuwa ba na son in ce e, don ban tabbata ba; wataƙila dai son zama a duhu ba tare da an yi mini magana ba ne. Amma a can ne wata malama ta yi mana bayanin wata dabara ta masu shirya finafinan wancan zamani. Sukan ɗauki baƙaƙen mawaƙa da ƴan rawa, don sun san su ne gwanaye, amma sai su shirya wurin nasu ta yadda za a iya yanke shi da almakashi a liƙe fim ɗin ba tare da labari ya lalace ba. Garuruwan da ba sa son ganin baƙar fata a tsakiyar allo sai a aika musu yankakke. Wasu wuraren kuma a aika cikakke. Baƙin da ke ɗaukar kofuna da wanda ke gudun kyanwa ba a yanke su, don waɗannan ba su dami kowa ba.

Na fita daga ajin nan fim ɗin Kaka kawai nake tunani. Amma ban gaya wa kowa a gida ba. Na ce wa kaina wannan bayani ne na gaba ɗaya, ba hujja ba ce a kan fim ɗin Kaka, kuma in na tayar da maganar ba tare da hujja ba, na sake jawo mata "to, Inna." Na nemo sunan fim ɗin da ƙyar, ta hanyar kukun da kyanwar. Duk kwafin da na samu yankakke ne, irin wanda muka gani a santir.

Bayan na gama, na samu aiki a Paris, a wani wurin da ake adana tsofaffin finafinai. Aikina shi ne in buɗe gwangwanayen fim, in duba lafiyar abin da ke ciki, in rubuta bayaninsa. Tsohon fim idan ya fara lalacewa warin tsami irin na binegar yake yi, har ya kama tufafin mutum. Akwai wani tarin gwangwanaye da aka dawo da su tun da daɗewa daga gidajen silima na ƙasashenmu, an jibge su a ɗaki mai sanyi babu wanda ya samu lokacinsu. Ni na roƙa a ba ni su. Ba zan ce na san abin da zan samu ba, na dai ga cewa idan yana wani wuri, to nan ne.

Wata safiya ana ruwa na ɗora wani fim a kan teburin kallo, ya sha hannu, duk ya karce. Ga matakala, ga kuku, ga kyanwa. Kiɗa ya canza. Ƙofar kicin ta fara buɗewa, kuma wannan karon ta buɗe har ƙarshe.

Sai ga matar, siririya, doguwa, da farar rigar aiki a ɗaure a ƙugu, tire cike da kofuna a tafin hannunta. Ba zan iya kwatanta rawar yadda ya kamata ba. Ƙafafunta ne ke kiɗan, makaɗan bin ta suke yi. Na tsayar, na mayar baya, na sake kallo, na sake, ina neman inda zan ce kuskurena ne, ban samu ba. Na duba jerin sunaye a ƙarshe: akwai na baturen, akwai na baturiyar, babu nata.

Na nemi izinin shugabar sashenmu kafin in ɗauki kwafi, na yi mata dogon bayani har ta ce ya isa, in je. A cikin jirgin ƙasa zuwa Lyon abu biyu suka hana ni sakat. Na farko, Kaka ta tsufa ƙwarai yanzu, kuma mantuwar da aka yi mata zato tun tuni ta fara zuwa da gaske. Takan kira ƙanwata da sunan wata ƴar'uwarta da ta rasu. Idan na sa fim ɗin ta kalle shi ba ta gane komai ba fa? Na biyu, ni da na yi karatun abin, na san fim ne na raini. An sa matar nan rigar baranya, an hana ta suna, an kuma shirya ta don a yanke. Ban san ko abin murna nake kai wa Kaka ba ko abin baƙin ciki.

A lokacin an riga an rushe benenmu, iyayena sun koma wani ƙaramin gida a Bron. Na same su bayan la'asar. Na durƙusa gaban Kaka muka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Sannan ta ce, "Maigidan da ba ya cefane ya tuna da gida." Na ji daɗi, don wannan alama ce ta ranar da take garau.

Na tara kowa a gaban tele, wato talabijin. Na fara bayani cewa abin da za su gani yana da matsaloli, dole a kalle shi da sanin zamaninsa, kuma ba na cewa lallai shi ne wanda aka nuna a Damagaram, ko da yake akwai alamu.

Kaka ta ce, "Wa'azi ka zo yi ko silima?"

Na kunna. Ta zuba ido tana kallon matakala. Da kyanwa ta fito, sai ta ɗaga hannu ta ce in tsayar. Ta sa ƙanwata ta juya mata kujera, ta ba tele baya, ta fuskanci Baba.

Ta ce masa, "Kai mai ido, ka kalla. Ni in faɗa maka."

Na sake kunnawa. Kiɗa ya canza.

"Za ta turo ƙofa da ƙugu. Ta turo?"

Baba ya ce, "Ta turo."

"Za ta zagaya mai farin gemun nan sau biyu, ba za ta ba shi kofi ba. Yanzu za ta ɗora tiren a ka, kamar mai tallan fura. Ta saki hannu. Kalli ƙafa, kada ka kalli fuska."

Haka ta yi ta faɗa, kowane abu kafin ya faru, hannunta yana buga gwiwa daidai da kiɗan. Ta ce matar za ta hau matakala da baya, ta hau. Ta ce za ta cillar da takalmin hagu, sai ta cillar da na dama. Na lura da wannan, don lura da irin wannan shi ne aikina, amma na kama bakina. A ƙarshe matar ta sauke tiren, ko kofi ɗaya bai motsa ba, Turawan cikin otel duk sun ja baya sun jeru a jikin bango.

Kaka ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ta ce suna yi daga kan soro duk sanda aka zo wurin nan, har mazan da ke cikin gidan silima su ɗaga kai suna dariya. Muryar ta karye a tsakiya. Mama ce ta karɓa ta ƙarasa mata, doguwa, har karen maƙwabta ya fara haushi. Ban taɓa sanin Mama ta iya guɗa ba.

Baba ya sauko daga kujera ya durƙusa, da furfurarsa da komai. Sannan ya ce, "Inna, ashe kin gani. Ki gafarce mu."

Ta ce, "Na gani mana. Ni da matan gidanmu duka. Tashi, gwiwarka ba ta da lafiya."

Daga baya, da aka kawo shayi, na kasa haƙuri na tambaye ta ko bai dame su ba, ganin an mai da gwana irin wannan baranya mai ɗaukar tire. Ta kalle ni kamar na yi wauta.

"Wace baranya? Ita ce mai otel ɗin. Ba ka ga da ta shigo kowa ya ja baya ba? Fitowa ta yi ta nuna wa yaranta yadda ake riƙe tire."

Na buɗe baki zan gyara, na rufe. A bisa abin da masu fim ɗin suka nufa, ba haka ba ne, kuma ba zan rubuta haka a wurin aiki ba. Amma matan nan sun kalle shi daga nesa, babu Turanci a kunnensu, suka ba ta otel ɗin gaba ɗaya, kuma da wannan suka girma. Ban tabbata nawa karatun ya fi nasu kusa da abin da ke kan allon ba.

Yanzu an gyara cikakken fim ɗin, shi ake bayarwa idan wata makaranta ko wani zaure ya nema. Yaran da za su kalle shi ba za su san an taɓa rufe ƙofar nan ba, sai an gaya musu. A bayanin da na rubuta na sa cewa har yanzu ba a gano sunan mai rawar ba. Ina kan nema, ban san ko zan samu ba. Gidan silimar Damagaram, an ce mini, ya zama wurin ajiye siminti.

A gida kuwa abubuwa sun juya fiye da yadda na zata. Duk musun da ya taso a kan abin da ya wuce, wajen Kaka ake kai shi, kuma abin da ta faɗa ya zauna. Ita ma ta gane haka, tana kuma cin moriyarsa ba kunya. Kwanan baya na kira waya na ji tana gaya wa ƴaƴan ƙanwata cewa Baba sai da ya shekara huɗu bai yi magana ba, kuma ita da kanta ta taɓa korar kura daga ƙofar gida da muciya. Na ji Baba daga nesa ya fara cewa, "Inna, anya kuwa," sai ta katse shi.

"An taɓa cewa na ruɗe."

Nan ya bar maganar. Ni dai ina da shakka a kan kurar, amma ban ce zan bincika ba.